Me Ya Canza, Me Ya Tsaya? Sauya Mazaunin Ɗigo a Fagen Lissafi da Yadda Ya Kamata Mu Koyar da Shi

Tsakure

Wannan takarda ta duba hanyoyin da ake bi a sauya mazaunin ɗigo a kan fagen lissafi mai layuka biyu, wato gusarwa da juyarwa da kifarwa da faɗaɗawa da karkatarwa. Hujjarta ita ce, haddar ƙa'idojin waɗannan sauye-sauye ba ta isar da ɗalibi ko'ina in ba a koya masa ya riƙa tambayar abin da sauyin ya bari yadda yake ba, da kuma abin da ke faruwa idan an yi sauyi biyu ɗaya bayan ɗaya. Takardar ta kawo misalai da lambobi, ta taɓo tarihin fannin daga Descartes zuwa Klein, sannan ta nuna yadda hatimi mai gida tara zai iya zama allon koyar da darasin.

Gabatarwa



A shekarun da na yi ina koyarwa a babbar sakandare, babu darasin da ya fi ruɗar da malami game da ɗalibansa kamar wannan. Ƙa'idojinsa gajeru ne, suna da daɗin hadda, yara kuma suna cinye gwajin mako ba tare da wahala ba. Sai malami ya ɗauka an gane. Ranar da ya ɗan karkata tambayar, ya ce a juya ɗigo a kan wata cibiya da ba (0, 0) ba, ko ya ce a yi sauyi biyu a jere a faɗi sunan abin da suka haifar, sai aji ya yi tsit. Na daɗe ina ɗora wa yaran laifi kafin na gane cewa ni ne na ba su sakamako na ɓoye musu dalili. Daga nan wannan takarda ta samo asali.

Fagen da muke aiki a kansa ba tsohon abu ba ne in an gwada shi da ilimin siffofi kansa. Yuklid, wanda ya rayu a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tabbatar da daidaituwar alwatika biyu ta hanyar ɗauko ɗaya ya ɗora a kan ɗayar. Wannan ɗorawa sauya mazauni ce, amma bai yi mata suna ba, bai kuma mayar da ita abin nazari ba. Sai a 1637 René Descartes, ɗan Faransa, ya fitar da La Géométrie a matsayin rataye ga littafinsa na falsafa, inda ya haɗa siffofi da aljabara. Pierre de Fermat ya isa ga irin wannan tunani a daidai wannan lokaci, sai dai rubutunsa bai fito a buge ba sai 1679, bayan rasuwarsa. Ya kamata mu riƙa faɗa wa ɗalibai cewa layuka biyun da muke zanawa a allo, masu lambobin ragi a hagu da ƙasa, ba haka suka fito fil a littafin Descartes ba; waɗanda suka biyo bayansa ne suka daidaita su sannu a hankali.

Sunayen da zan yi aiki da su

Layin x zan kira shi layin kwance, layin y kuma layin tsaye, mahaɗarsu (0, 0) ita ce cibiya. Kowane ɗigo yana da adireshi mai lamba biyu, (x, y): ta farko tana faɗin nisansa dama ko hagu, ta biyu sama ko ƙasa. Sauyi kuma ƙa'ida ce da ke ɗaukar kowane ɗigo na fagen, ba ɗaya kaɗai ba, ta ba shi sabon adireshi. Wannan "kowane" yana da muhimmanci ƙwarai. Ɗalibi yakan ɗauka alwatikar da aka zana ce kawai ta motsa, alhali fagen ne gaba ɗaya ya motsa, alwatikar ta bi shi kamar yadda zane ke bin tabarmar da aka ja.

Gusarwa ba ta da wuya. A ƙara a a kan x, a ƙara b a kan y: (x, y) ya koma (x + a, y + b). Ɗigon (2, 1) in an gusar da shi taku 3 dama da taku 2 ƙasa, zai sauka a (5, −1).

Sauyin da ake kwatantawa da madubi na zaɓi in kira shi kifarwa, domin yaron da ya taɓa kife faifai ko ya naɗe takarda biyu ya riga ya san abin da hannunsa. Kifarwa a kan layin kwance tana mayar da (x, y) zuwa (x, −y); a kan layin tsaye, (−x, y); a kan layin y = x, lambobin su yi musanya, (y, x).

Juyarwa tana bukatar cibiya da kusurwa da kuma ɓangaren da za a nufa. Al'adar masu lissafi ita ce a ƙirga kusurwa saɓanin tafiyar hannun agogo, irin zagayen mai ɗawafi da ke barin abin da yake zagayawa a hagunsa. Juyi na digiri 90 a kan cibiya yana kai (x, y) zuwa (−y, x). Na digiri 180 zuwa (−x, −y). Na kowace kusurwa θ kuwa zuwa (x cos θ − y sin θ, x sin θ + y cos θ).

A nan ne kuskuren da na ambata yake faruwa. A ce a juya (5, 2) digiri 90 a kan ɗigon (3, 1). Mai hadda zai rubuta (−2, 5) nan take, ya kuma yi kuskure, domin ƙa'idarsa ta cibiyar (0, 0) ce kawai. Hanya ita ce a gusar da fagen har (3, 1) ya zauna a cibiya, sai ɗigonmu ya zama (2, 1). A juya shi ya zama (−1, 2). Sannan a mayar da fagen inda aka ɗauko shi, ya sauka a (2, 3). Yaron da ya san cewa juyarwa ba ta taɓa nisa zai iya kama kuskurensa da kansa: nisan (5, 2) daga (3, 1) shi ne √5, nisan (2, 3) ma √5 ne, amma (−2, 5) ya yi nisan √41. Tambayar "me ya tsaya?" ita ce ta zama masa ma'auni.

Wanne aka fara yi?

Wannan sashe shi ne nake ganin ya fi cancantar lokacinmu a aji, shi ne kuma muka fi tsallakewa.

Tun daga firamare yaro ya saba cewa 3 × 5 da 5 × 3 duk ɗaya ne. Shekara goma yana ganin haka, har ya zauna masa a rai cewa a lissafi ba ruwan kowa da wanda ya riga. Sauye-sauyen fage wuri ne da zai ga wannan zato ya rushe a gaban idonsa. Mu ɗauki (3, 1). Mu fara juya shi digiri 90, ya zama (−1, 3), sannan mu kife shi a kan layin kwance, ya zama (−1, −3). Yanzu mu sake, mu fara da kifarwa: (3, −1), sannan juyarwa: (1, 3). Aiki iri ɗaya, kayan aiki iri ɗaya, amma ɗaya ya sauka a ƙasa ta hagu, ɗaya a sama ta dama. In muka yi da haruffa za mu ga dalili. Hanyar farko tana kai (x, y) zuwa (−y, −x), wanda kifarwa ce a kan layin y = −x. Ta biyu tana kai shi (y, x), kifarwa a kan layin y = x. Tela ya san wannan ba tare da allo ba: a yanka sannan a naɗe, da a naɗe sannan a yanka, ba riga ɗaya suke bayarwa ba.

Abin da ya fi wannan ban sha'awa shi ne abin da kifarwa biyu ke haifarwa. A kife fage a kan layin x = 1, sai x ya koma 2 − x. A sake kife shi a kan layin x = 4, sai ya koma 8 − (2 − x), wato x + 6. Ba kifarwa muka samu ba, gusarwa ce ta taku 6, ninki biyu na tazarar 3 da ke tsakanin layukan. In aka fara da x = 4, za a sami x − 6, tafiya iri ɗaya amma ta koma hagu. To in layukan biyu sun haɗu fa? A kife a kan layin kwance, sannan a kan y = x: (x, y) ya zama (x, −y), sannan (−y, x). Wannan ita ce ƙa'idar juyin digiri 90 da ɗalibi ya haddace. Kusurwar da ke tsakanin layukan digiri 45 ce, juyin ya ninka ta biyu, cibiyarsa kuma mahaɗar layukan. Ashe gusarwa da juyarwa 'yan uwa ne na ciki ɗaya: kowace kifarwa biyu ce, bambancin kawai ko layukan sun haɗu ko suna tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Daga nan sai babbar magana. Duk sauyin da ba ya canza nisa tsakanin ɗigogi, komai rikitarwarsa, ana iya samar da shi da kifarwa da ba ta wuce uku ba. Hujjar ba ta fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Ɗigo a fage yana tabbata in an san nisansa daga ɗigogi uku da ba sa kan layi ɗaya, don haka in mun san inda sauyi ya kai kusurwoyin alwatika A, B, C, mun san inda ya kai komai. Sai mu kife fagen a kan layin da ya ratsa tsakiyar tazarar A da sabon mazauninsa a tsaye, A ya isa gida. Mu yi wa B haka. A ba zai motsa ba, domin nisansa daga B da daga masaukin B ɗaya ne, saboda haka yana kan layin kifarwar. In C bai riga ya isa ba, kifarwa ta uku a kan layin da A da B suke kai za ta kai shi. An gama.

Sakamakon haka shi ne irin waɗannan sauye-sauye huɗu ne tak. Kifarwa ɗaya ita ce kifarwa. Biyu su ba da gusarwa ko juyarwa. Uku kuma su ba da ko dai kifarwa, ko wani na huɗu da ba kasafai muke ambatarsa a aji ba, wato a kife a kan layi sannan a gusa a bisa tsawon wannan layin, misali (x, y) ya koma (x + 2, −y). Ni sawu nake kiransa, domin shi ne abin da mai tafiya ba takalmi ke bari a rairayi: sawun hagu kifaffen na dama ne, amma ya yi gaba da taku guda. Kifarwa da sawu suna mayar da hannun dama hagu. Gusarwa da juyarwa ba sa yi. Ɗigogin da suka tsaya su ma suna rarrabe su: kifarwa tana barin layi sukutum, juyarwa ɗigo ɗaya, gusarwa da sawu ba sa barin ko ɗaya. Da waɗannan tambayoyi biyu ɗalibi zai iya faɗin sunan kowane sauyi da aka ba shi.

A kan waɗannan huɗun aka gina nazarin adon da ke maimaituwa. An tabbatar cewa adon da ke bin layi ɗaya, irin na bakin tabarma ko kewayen hula, tsarinsa iri 7 ne kawai, wanda ke cika fili kuma iri 17, kamar yadda Evgraf Fedorov na Rasha ya nuna a 1891. Malamin da ya shigo aji da huluna biyu uku ya riga ya shigo da kayan gwaji.

Idan nisa ya canza

Faɗaɗawa tana ninka kowace lamba da k: (x, y) ya koma (kx, ky). Alwatika mai kusurwoyi (0, 0), (4, 0), (0, 3) tana da gefuna 3, 4, 5 da faɗin fili 6. In k = 2, gefunan su zama 6, 8, 10, faɗin fili kuwa 24, ninki huɗu ba biyu ba. Manomin da ya ninka tsawon gonarsa da faɗinta ya san irin da zai shuka ba ninki biyu ba ne. Nisa ya tafi, amma kusurwoyi sun tsaya, siffa ta tsaya.

Karkatarwa kuwa tana kai (x, y) zuwa (x + ky, y), kamar a tura tulin littattafai daga sama, na ƙasa yana nan, kowane na bisa ya ɗan zarce wanda ke ƙarƙashinsa. In k = 1, alwatikarmu ta koma (0, 0), (4, 0), (3, 3). Gefuna sun canza, kusurwoyi sun canza, amma gindi 4 ne, tsayi 3 ne, faɗin fili na nan 6.

Duk waɗannan, in ban da gusarwa, muddin cibiya ba ta motsa ba, suna da fasali ɗaya: (x, y) ya koma (ax + by, cx + dy). Lambobi huɗun nan in an jera su biyu sama biyu ƙasa, su ne jadawalin da ake kira matiris, wanda Arthur Cayley na Ingila ya shimfiɗa lissafinsa a 1858. Ɗalibai kan yi ƙorafi cewa ninka matiris da matiris yana da wata ƙa'ida mai kama da son rai. Ba son rai ba ne: an tsara ta ne don ta ba da sakamakon yin sauyi bayan sauyi, shi ya sa ma, in A da B matiris ne, AB da BA ba kullum suke zama ɗaya ba. Lambar ad − bc kuma tana faɗin sau nawa fili ya ninku, alamarta tana faɗin ko an kife. Ga faɗaɗawarmu 4 ce, ga karkatarwa da juyarwa 1, ga kifarwa −1.

Gusarwa ta ƙi shiga wannan jadawali domin tana motsa cibiya. Maganin shi ne a ƙara wa kowane ɗigo lamba ta uku, a rubuta (x, y, 1), a yi aiki da matiris mai layi uku; tushen dabarar yana cikin aikin August Möbius na 1827. Da ita manhajojin zane na kwamfuta ke aiki a yau, in ka juya hoto ko ka buɗa shi da yatsu biyu a fuskar waya.

Felix Klein ne ya ɗaure wannan duka da igiya ɗaya a 1872, a takardar da ya rubuta lokacin da ya kama aikin farfesa a jami'ar Erlangen ta Jamus yana ɗan shekara 23. Ya ce kowane reshe na ilimin siffofi nazari ne na abin da wani rukunin sauye-sauye ya bari bai canza ba. In rukunin na sauye-sauye huɗun farko ne, nisa na da ma'ana. In an shigo da faɗaɗawa, nisa ya fita, kusurwa ta rage. In an shigo da karkatarwa, kusurwa ma ta fita, abin da ya rage shi ne miƙaƙƙen layi yana nan miƙaƙƙe, layukan da ba sa haɗuwa suna nan ba sa haɗuwa, tsakiyar layi tana nan tsakiya. Ra'ayina shi ne ba sai an jira jami'a kafin a faɗa wa ɗalibi wannan ba.

Hatimi a matsayin allo

Kalmar rukuni a bakin masu lissafi tana nufin tarin sauye-sauye da in ka haɗa biyu daga ciki za ka sami na ciki, kowanne kuma yana da mai warware shi. Misalin da na fi so na nuna wannan da shi yana da alaƙa da ƙasarmu. Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, malamin Katsina da ya tafi aikin hajji ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 wanda ya yi bayanin hanyoyin gina hatimai masu gefen mara, irin su uku-uku da biyar-biyar. Ba da harshen x da y ya yi magana ba, amma abin da ya yi aiki a kansa yana zama daram a kan fagenmu.

Ga hatimi mai gida tara, wanda kowane layinsa, kwance ko tsaye ko a karkace, ke ba da 15:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

A ɗora 5 a cibiya. Sai 9 ta zauna a (0, 1), 7 a (1, 0), 2 a (1, 1), 8 a (−1, −1), haka sauran. A yi juyin digiri 90 da ƙa'idar (−y, x): 2 ta tashi daga (1, 1) zuwa (−1, 1), 7 daga (1, 0) zuwa (0, 1), 6 daga (1, −1) zuwa (1, 1). Abin da ya fito shi ne:

2 7 6
9 5 1
4 3 8

Har yanzu kowane layi 15 ne, domin juyin ya kai layi kan layi. Sauye-sauyen da ke mayar da murabba'i kan kansa guda 8 ne: juyi huɗu, na digiri 0 da 90 da 180 da 270, da kifarwa huɗu, a kan layin kwance da na tsaye da y = x da y = −x. Hatiman gida tara da ake iya ginawa da lambobi 1 zuwa 9 su ma 8 ne cif, kuma dukkansu wannan ɗayan ne aka juya ko aka kife. Juyin digiri 180 yana da wani sirri na daban: yana musanya 4 da 6, 9 da 1, 2 da 8, 3 da 7, wato kowace lamba da cikonta na goma.

A hatimi mai gida goma sha shida, Bernard Frénicle de Bessy na Faransa ya lissafo iri 880, aka buga aikin a 1693. Wannan adadi yana ɗaukar hatimi da juyayyensa da kifaffensa a matsayin abu ɗaya. In an ƙirga kowanne daban, 880 sau 8 ne, wato 7,040.

Aikin da nake ba ɗalibai shi ne su yanka takarda murabba'i, su rubuta hatimin a fuska ɗaya, su bi sawun lambobin a bayanta ta hanyar ɗaga ta ga haske, sannan su cika jadawali mai gida 64: sauyi na farko a gefe, na biyu a sama, sakamako a mahaɗa. Kafin su kai rabi sukan lura da kansu cewa ba a taɓa fita daga takwas ɗin ba, cewa kifarwa biyu kullum juyi suke bayarwa, kuma gidan "juya sannan ka kife" da gidan "kife sannan ka juya" ba kullum abu ɗaya ke cikinsu ba. Darasi biyu na minti arba'in-arba'in sun ishi aikin, kayan da ake bukata kuma takarda ce da almakashi.